Giɓin da Sahura Ta Cike

An yi wata baiwar Allah a wata jami'a, shekarun baya, a garin da ba zan ambata ba, don wasunku na da dangi a can, kuma na san bakinku ba ya ajiya. Sunanta Sahura. Ubanta faci yake yi a bakin tasha, uwarta tana tuyar ƙuli. Ku saurara da kyau.

Duk lokacin da aka koma karatu, sai ka ga Sahura da buhu a ka kamar mai ƙaura: garin kwaki, kuka, busasshiyar kuɓewa, yajin daddawa, da man ƙuli a gora. Ɗan abin da uban ya damƙa mata, kafin ta sayi ko ashana sai ta fara cire na asusu. Asusun ƙasa nake nufi, wanda ba ya ba ka komai sai ka fasa shi. Ranar Asabar ta baje tabarma gindin bishiya ta yi wa 'yan mata kitso, abin da ta samu rabi ya tafi ciki, rabi ya faɗa asusu. Kuɗin rajistar shekarar ƙarshe take tarawa, don uban ya riga ya faɗa mata gaskiya: "Sahura, nan ƙarfina ya tsaya. Saura ke da Allah."

A ɗakin kwanansu akwai wata wai ita Zinatu. Ba 'yar kowa ba ce fa, ubanta akawu ne, amma in ta yi taku sai ka rantse gidansu ake buga kuɗi. Kuɗin wata ya zo mata, kafin mako ya zagayo kaza da lemo sun cinye shi, sai kuma a shiga "ara mini". Amma ita ce mai bakin yi wa wata dariya.

"Sahura, yau ma kwakin ne? Wallahi ke in aka yanka ki gari ne zai zubo."

Sahura ta ce, "To kin ga an huta da wankin jini."

Ku dubi halin mutane. Masu yi mata dariyar nan, da suka tashi yin adashe, babu wadda suka yarda ta riƙe musu kuɗi sai mai shan kwaki. Ta zama uwar adashe. Ana zubi duk Juma'a, ana kwasa bi da bi. Kun dai san ƙa'ida: uwar adashe tana da ɗan ladanta a kowace kwasa, amma in wata ta ƙi zubi, giɓin a wuyanta yake.

Zinatu ta zo da hawaye shaɓe-shaɓe, wai mahaifiyarta na kwance asibiti, a taimaka a ba ta kwasar farko. Aka tausaya, aka ba ta. Uwar da ke gida lafiya lau tana tsintar shinkafa. Anko ta saya, jama'a. Leshi mai tsada, da sarƙa da takalmi, na bikin ƙawar ƙawarta, amaryar da ko sunan Zinatu ba ta sani ba. Ka ɗora wa uwarka ciwo saboda tsumma, wace irin lalacewa ce wannan?

Daga ranar da ta kwasa, zubi ya ƙare. Yau gobe, gobe jibi. Sahura tana toshewa da kuɗin kitso, tana toshewa, har ramin ya fi ƙarfin kitso. Ga shi kwasar ƙarshe ta matso, kuma ta wata yarinya ce mai suna Rahane, wadda da gangan ta zaɓi ƙarshe don ya zo daidai da rajista. Ko sau ɗaya Rahane ba ta taɓa fashin zubi ba.

Sahura ta tari Zinatu a bakin famfo. "Don girman Allah, Zinatu, zubinki. Rahane ce da kwasa, kuma an kusa rufe rajista."

"Ke, kar ki tara mini jama'a. Nawa ne ma abin gaba ɗaya? Ki ce ta yi haƙuri."

"Banki ba ya karɓar haƙuri."

"To kai ni gaban alƙali." Ta ɗauki bokitinta ta wuce.

Sahura ta koma ɗaki ta zauna bakin gado, ta jawo asusun ta ɗora a cinya. Zuciya ta ce mata, ki miƙa wa Rahane abin da ya samu, ki nuna mata ƙofar Zinatu, su ƙarata can. Wa zai zarge ki? Babu. In kuwa kika fasa wannan, naki karatun ne zai tsaya, ki koma ki ce wa mai faci me? Amma ta tuna ɗan ladan da take karɓa a kowace kwasa, ta karɓa kuma ta ci. Wanda ya ci ladan kuturu, ai dole ya yi masa aski. Ta yi bisimilla ta buga asusun da ƙasa.

Da ta miƙa wa Rahane kuɗinta cif, yarinyar ta juya su, duk a nannaɗe ƙanana-ƙanana, ga ƙurar yumɓu. Ta kalli ƙasan gado ta ga fasasshen asusu. Ta ce, "Yaya Sahura, naki fa?"

"Naki ne ya fito yau. Tashi ki tafi banki kafin su tashi."

Aka rufe rajista babu Sahura. Kar ku ce ba ta yi kuka ba, ta yi, har idonta ya kumbura. Abin da ya rage mata shi ne ɗan wa'adin da makaranta ke bai wa makararru, shi ma da tara a kai.

To amma Rahane Allah ya yi mata baki irin nawa. Ba ta bar ɗaki ba, ba ta bar aji ba, har wajen masu sayar da abinci da mata masu shara ta kai labari. Kafin wa'adin ya cika, sai ga mata sun yi ayari wajen Sahura, suna so ta kafa sabon adashe. Wata mai tuwo-tuwo ta ce, "'Yar nan, shekara nawa muna neman wadda za ta fasa nata don namu. Ke za ki riƙe, kuma ke ce da kwasar farko."

Da wannan kwasa ta yi rajista har da tarar. Ba kyauta ba ce fa. Ta yi ta kitso har yatsunta suka yi kanta, ta zuba kowace Juma'a har adashen ya zagaye, sannan ta fita da takardarta.

Ita kuwa gimbiya Zinatu, da nata lokacin biya ya zo, duk adashen da ta dosa sai a ce ya cika. Ta ɗauki leshin ta kai wa dillaliya, aka taya shi abin da ko kuɗin ɗinki bai kai ba. An ce shekarar a gida ta yi ta. An ce, ni dai ban gani ba, amma wadda ta gaya mini ba ta ƙarya sosai.

To kun ji. Tattali ba rowa ba ne, shi ne ke ba mutum abin da zai tsaya da ƙafarsa ranar da amana ta zo karɓar haƙƙinta. Ku da ke tura 'ya'ya makaranta, ku haɗa musu da asusu kafin ku haɗa musu da akwatin kaya, ku koya musu shan kwaki ba abin kunya ba ne, cin kuɗin mutane shi ne abin kunya. Yaro abin da ya gani a gida yake kaiwa jami'a. Saboda haka wadda ta san ta kwasa ta daina zubi a cikinku, ba zan dubi inda take zaune ba, ba zan kuma yaba sabon mayafinta ba. Juma'a dai tana nan tafe.