Ranar da Ke Ƙarƙashin Tabarma

Hakimi ya aiki Tasalla, ma'aikaciyar ƙidaya, ta tambayo ƙauyuka tsawon lokacin da famfunansu suka yi a lalace, don a fara gyara wanda ya fi daɗewa. Ta dawo da amsoshi, kowa shekara ɗaya ko biyu.

"Babu mai wata goma sha ɗaya?" in ji Hakimi. "A gindin bishiya kika zauna kika cike takardun nan. Gobe ki kawo min kwanakin daidai daga bakinsu, ko ki bar aikin."

Tasalla ta durƙusa. "Ranka ya daɗe, dakalin nan da kake zaune, yaushe aka yi masa siminti?"

"Shekara biyu cif."

"In rubuta?"

"Rubuta."

Sai ta ɗaga gefen tabarmarsa. Ga kwanan watan da magini ya zana tun simintin yana ɗanye: yau shekara uku da wata biyar ke nan.

"Ranka ya daɗe, kullum a kan ranar kake zaune, amma wata goma sha bakwai sun ɓace maka. Su mutanen ƙauye, famfonsu ba wanda ya yi masa rubutu. Wa za a fara kora?"

Hakimi ya sa ƙafa ya mayar da tabarmar.

"Gyara amsata," ya ce. "Sa 'kamar' a gaba."