Sunayen da Tanimu Ya Gajarta

Ku matso ku ji wannan, don ni kaina har yau ban yanke hukunci ba.

A wani garin fadama, ƙungiyar manoman shinkafa tana da shafin intanet da ke sanar da ranar da za a sako ruwan dam. Sai dai shafin ya yi nauyi, ba ya buɗewa a ƙananan wayoyin manoma. Shugaban ƙungiyar, Malam Barau, ya ba mutum uku aikin gyara shi, ya ce wanda ya fi cancanta shi zai riƙe shafin. Daga ranar kowa ya fara sa wa ɗan'uwansa ido.

Tanimu ya shiga fayil ɗin da ke tsara kamannin shafin, inda kowane sashe yake da dogon suna. Ya gajarta su duka, "akwatin-gargaɗin-ambaliya" ya koma "a1". Nan take shafin ya yi sauƙi. Amma bai rubuta ma'anar sababbin sunayen a ko'ina ba, aka fara raɗe-raɗin cewa so yake kada kowa ya iya aikin sai shi.

Lantana ba ta yarda da shi ba. Ranar da ya fita salla, ta buɗe kwamfutarsa ba izini, ta kwafe tsofaffin sunayen da sababbin cikin littafinta, ba ta gaya wa kowa ba.

Ɗanjuma bai yarda da kowa ba. Ya ɗauki tsohuwar wayarsa har gona mafi nisa, ya tarar shafin yana buɗewa amma jan akwatin gargaɗin ya ɓace, domin sassa biyu sun tashi da suna ɗaya. Bai gaya wa abokan aikinsa ba. Sai da aka kwana biyu, bayan Tanimu ya tafi biki ƙauyen da babu sabis, sannan Ɗanjuma ya kai wa Malam Barau labari.

Saura kwana ɗaya a sako ruwa. Lantana ta fito da littafin, ta gyara kuskuren, gargaɗi ya fito, manoma suka kwashe shinkafarsu daga bakin kogi.

Da suka taru, Malam Barau ya dube su ya ce, "Kun ceci amfanin gonarmu, amma kowannenku ya ɓoye mini wani abu."

To, ku da kuka ji, wa za ku damƙa wa shafin nan ku kwanta da kwanciyar hankali?