Kurege Ɗan Saƙon Kamfanin Shamuwa

Yau dai Allah ya yi, asirin Kurege ya tonu! Hansatu, ajiye kwanon nan ki zo, wanke-wanke ba gudu zai yi ba. Tanimu, matsa ka ba ta wuri. Da zafinsa na kawo muku, ko jakar makaranta ban sauke ba. To, ga ta nan ga ta nanku. Ku amsa mana, ta zo mu ji ta. Yauwa.

Kun dai san Shamuwa kamfani gare su a daji, na kai saƙo. Ofishinsu yana kan babban rimin nan na bakin rafi. In kana da ɗan'uwa can Kudu ya ƙulle maka goro ko manja, sai ya ba su, su ɗauko ta sama su dire maka har ƙofar gida. Ka kwance, ka duba, ka ga naka ne, sannan ka shiga ɗaki ka ɗebo tukwici ka ba ɗan saƙo. Haka aka saba tun kaka da kakanni. Kuma da damina kaɗai suke aiki. Ruwa na ɗaukewa sai su rufe ofis su yi tafiyarsu, su bar Malam Belbela yana gadi.

Shi kuwa Kurege duk daminar nan bai taɓa fartanya ba. Yana kwance a inuwa yana kallon 'yan Shamuwa suna dawowa da tukwici, wannan da gyaɗa, wannan da aya, wannan da dabino, shi kuma yana haɗiyar yawu. Rani ya shigo, rumbunsa ba ko ƙwaya. Ɓera ma ya shiga ya fito yana Allah ya isa.

Sai Kurege ya zauna ya yi tunani. Ya ga ai wahalar aikin nan duk a ɗaukar kaya take. In an cire ɗaukar kaya, saura karɓar tukwici, wannan kuwa ya iya.

Sai ya samo karan dawa biyu dogaye ya ɗaure a ƙafafu. Ya samo tsohon baƙin zane ya yafa. Ya shafa toka a ƙirji ya yi fari fat. Ya karyo mariƙin ludayi ya maƙala a baki. Wutsiyar nan tasa ya nannaɗe ta ya cusa a wando. Ya leƙa rijiya ya ga kansa, har ya rusuna ya gai da kansa don bai gane kansa ba.

Ya fara da gidan Zomo. Yana tafe ƙwas, ƙwas, ƙwas, yana tangaɗi, ya tsaya a ƙofa ya yi sallama, ya ja waƙa:

Saƙo ya zo, saƙo ya maƙale,
Yana tasha ya ƙi tahowa.
A ba da tukwici tun da rana,
In ta faɗi saƙo ya koma.

Zomo ya fito kunnuwa a tsaye, ya tambayi wa ya aiko. Kurege ya ce wani babban mutum ne daga Kudu, sai dai shi Zomo ya tuna da kansa. Zomo ya ce, "Ko Kawu Gambo ne?"

"Shi ne kuwa," in ji Kurege. "Har ya ce a gaishe ka da kyau."

Kun ji fa, Zomo da bakinsa ya ba shi sunan. Ya ruga ɗaki ya ciko ƙwarya da wake. Kurege ya ce ya zauna a gida ya jira, kuma kada ya faɗa wa maƙwabta, don mahassada sun yi yawa a dajin nan.

Daga nan sai gidan Kunkuru. Ƙwas, ƙwas, ƙwas, sallama, waƙa. Kunkuru ya ba da rogonsa duka, amma ya ce shi ba zai iya zaman jira ba, da kansa zai je tasha can gindin rimi ya karɓo. Kurege ya ce madalla, ya dai yi sauri kafin rana ta faɗi. Kunkuru ya ɗaga ƙafa ɗaya ya kama hanya.

Haka ya yi ta yi, gida gida, yana jida yana kaiwa raminsa, har ramin ya ƙi rufuwa. Da wani ne ai sai ya haƙura haka. Amma kwaɗayi mabuɗin wahala. Sai ya tuna Gwaggo Bushiya, tsohuwar nan mai rumbun aya, ya ce ai tsohuwa ce, ido ya yi rauni, wannan ko waƙar ba sai ya ƙarasa ba.

Ya tarar da ita a ƙofar gida tana tsintar aya, gefen wani suri. Ya yi waƙarsa. Ya ƙara da cewa kayanta da nauyi, ta nuna masa inda take ɓoye mabuɗin rumbu, don yaran kamfani su shigar mata ba sai ta wahala ba.

Gwaggo Bushiya ta ɗaga kai ta dube shi tun daga ƙasa har sama. Ta ce ya matso nan kusa da suri, ya fi inuwa, su gaisa tukuna, don ita ba ta maganar kaya da wanda ba su gaisa ba.

Sai ta fara. Ina wuni, ina gajiya, ya hanya, ya iska a sama. Ya Hajiya Shamuwa, ya ƙafarta da take ciwo. Ya yara, ya na goye, ya wanda aka yaye bara. Ya mutanen Kudu, ya ruwa a can, ya tsadar goro. Kurege yana lafiya lau, lafiya lau, da godiya. Ta kai ƙarshe sai ta ce af, ta manta ba ta tambayi surukan Hajiya ba, ta koma farko.

Ashe gara ta ji ƙamshin busasshen kara. Kurege ya fara jin ƙur, ƙur, ƙur a ƙarƙashinsa. Ɗazu yana hango rufin ɗakin Gwaggo, yanzu ƙofa yake gani.

"Ɗan nan," in ji Gwaggo, "kamar raguwa kake yi."

"Ladabi ne, Gwaggo. Rusunawa nake."

"Allah ya yi albarka. To wa ya aiko mini?"

"Ɗan'uwanki na Kudu. Ki tuna mana."

"Kai da ka ɗauko kaya ai kai za ka tuna. Ni tun ina yarinya tukwici a bayan saƙo yake tafiya, ban taɓa ganin ya sha gabansa ba. Mabuɗin rumbuna kuwa ko mijina har ya rasu bai san inda yake ba. Kuma Shamuwa da rani? Bari in ɗauko mayafina, mu je rimi in ji daga bakin Malam Belbela."

Tana shiga ɗaki Kurege ya ce ƙafa me na ci ban ba ki ba. Ƙwas-ƙwas-ƙwas ya yi daji, ƙafa ɗaya ta fi ɗaya tsawo, garar kuma tana ciki tana aikinta.

Nan ma da ya koma gida da an wuce wurin. Amma hanya ta bi da shi ta ƙofar Kura, ya hango buhun gyaɗa jingine a zaure. Jakin wasu fatake ta cinye, ta rasa yadda za ta yi da buhun. Kurege ya ce wannan ɗaya dai, daga shi ya tuba.

Ya yi sallama, ya yi waƙa. Kura ta fito tana sakace. Ta sa ya maimaita. Ya maimaita. Sai ga hawaye shar a idon Kura. Ta ce ita tun da uwarta ta haife ta ba wanda ya taɓa aiko mata ko da gaisuwa, kowa sai dai ya gan ta ya rufe ƙofa. Ta tambaya me ke ciki. Kurege ya ce a rufe yake, amma da ya ɗauko ya ji kamar ƙamshin kilishi.

Ai Kura ba ta bari ya rufe baki ba ta jawo buhun ta dire a gabansa. Ta ce ya tashi sama maza ya ɗauko. Kurege ya ce ai fiffikensa na dama ya kai gyara. Ta ce ba komai, sai su taka tare. Ya ce ranki ya daɗe, babbar mace kamarki ba ta zuwa tasha. Ta ce yau za ta je. Ta saɓi buhun a kafaɗa, ta kama bakin zanensa ta riƙe gam, wai kada ɗan saƙonta ya ɓace mata.

Suna tafe, ƙafafun Kurege suna ƙur, ƙur, ƙur. Suka wuce Kunkuru bai ko kai bakin shingen gidansa ba.

Suna isa gindin rimi sai ga taro. Gwaggo Bushiya da mayafinta, Zomo da ya gaji da jira, da duk waɗanda aka yi wa waƙa. Malam Belbela yana tsaye cikin farar rigarsa yana yi musu bayani, cewa ofis a rufe yake sai ruwan fari, ba kayan kowa a sama, kuma su ba su taɓa aika yaro ya karɓi tukwici kafin kaya su shiga hannun mai su ba. Ya juyo ya ga baƙon ya ce shi wannan ma'aikacin bai san shi ba.

Kurege ya buɗe baki zai yi rantsuwa, sai ƙarau, karan dama ya karye. Ƙarau, na hagu ya bi shi. Ludayi ya yi gefe, zane ya yaye, wutsiya ta fito buzu-buzu ta miƙe kamar tsintsiya. Zomo ne ya fara magana, ya ce ashe Kawu Gambo bai gaishe shi ba.

Kafin Kurege ya motsa Kura ta danne shi da ƙafa ɗaya. Yana jin numfashinta a ƙeyarsa. Malam Belbela ya ce, "Kin gani ko, Kura? Ba wani saƙo. Dama wa zai aiko miki?"

Nan Kurege ya lura maganar ta soki Kura, nan ya ga ƙofa. Ya sassauta murya ya ce, "Ranki ya daɗe, kin ji da kunnenki. Wai ke ba mai aiko miki. Nasu dai na yarda ƙarya na yi musu, amma naki yana sama, da idona na gan shi. So suke ki cinye ni, su raba kilishin."

Kura ta dubi Belbela, ta dubi taro, ido ya yi ja. Ta ce, "Wato ni ce ba ni da kowa a duniya?"

Gwaggo Bushiya ta ce, "Yarinya, ki tambaye shi sunan wanda ya aiko."

Kura ta ce ba ta tambaya, hassada ce, ta san su sarai. Ta ɗage ƙafa ta ce Kurege ya hau ya sauko mata da kayanta, su gani su mutu da baƙin ciki. Kurege ya suri zanensa ya yi fit, sai ƙololuwar rimi.

Gwaggo ta juya wa Kura baya. Ta nuna wa jama'a ƙasa. Ashe duk inda Kurege ya taka da kara ya bar 'yan ramuka jere kamar an yi shuka. Suka bi su tiryan-tiryan har bakin raminsa. Zomo ya kwashe wakensa, kowa ya ɗebi nasa, aka ajiye wa Kunkuru rogonsa. Kurege yana can sama yana kallo aka yashe ramin tas, ya koma yadda ɓera ya bar shi.

Kura kuwa ta zauna daram a kan buhun gyaɗa, ta ɗaga kai, baki a buɗe. In ta ce ina kayan, sai Kurege ya ce ana nema, saura kaɗan. In ta sake tambaya, ya ce an gano, igiya ake kwancewa. Yunwa ta ishe shi har ya gwada cewa ta jefo gyaɗa ko ɗan kaɗan, wai masu kwance igiya sun gaji. Kura ta ce a'a, ita ma yanzu ta waye, tukwici a bayan saƙo yake tafiya.

Da ya ga ba ci, sai ya rataye baƙin zanen a reshe, ya bi reshe ya kama reshe, ya faɗa kan tsamiyar da ke baya, ya sulale ya gudu da cikinsa fayau. Iska na kaɗa zanen, Kura na cewa, "Yauwa ɗan albarka, yi a hankali kada ya zube."

Ana haka sai ga Kunkuru ya iso yana haki, yana tambaya ko rana ta faɗi.

Kurunkus kan ɗan ɓera, ba don kuna hararata ba da na rantse da idona na gani. Abin da ke ciki shi ne, duk wanda zai yi sana'a da ƙafar kara, to kada ya tsaya gaisawa da tsofaffi. Ku kuma in an ce muku saƙo ya maƙale, ku bari ya maƙale, mai aikowa yana da baki.

Amma don Allah, Hansatu, Tanimu, kada ku faɗa wa kowa tukuna. Kura tana can gindin rimi har yanzu tana hira da zane. Ranar da labari ya kai kunnenta da yunwa za ta taso, akuyarmu kuwa a ƙofar gida take ɗaure. Ku bari Baba ya gyara garken tukuna.