Dillalin Da Ya Ɓoye Jinyarsa

An yi wani mutum a Limanti, nan cikin Maiduguri, dillalin shanu. Ba zan faɗi sunansa ba, iyalinsa suna raye. Mutum ne mai son a gan shi tsaf, ko hularsa ba ta karkacewa. Amma yana shan giya a ɓoye, har ta kai in bai sha ba hannunsa rawa yake yi, igiyar saniya ma ta gagare shi riƙewa.

Matarsa Rakiya ta yi kuka, ta yi roƙo, da ƙyar ya yarda aka kwantar da shi a asibiti. Ranar sallama likita ya ce masa, "Magani ya yi nasa, saura mutane. Ka nemi waɗanda za ka gaya wa gaskiya, su riƙe ka ranar da sha'awar ta taso."

Ya 'yan uwa, mene ne abin wuya a nan? Ga majalisa a ƙofar gidansa, dattawan da yake cin tuwo da su kullum. Amma girman kai ya hana shi. Ya ja wa Rakiya kunne, duk wanda ya tambaya a ce Gamboru ya je sayen shanu.

Da ya fito majalisa, maƙwabcinsa Alhaji Saleh ya matsa masa a tabarma, ya ce, "Sannu da hanya. Yaya kasuwar can?" Sai ya shara ƙarya. Washegari aka sake tambaya, ya ƙara wata. Zaman ya zame masa nauyi, ya fara ja da baya.

To su wa suka rage masa? Abokan shansa. Su kaɗai suka san inda ya kwanta, a gabansu kaɗai ba ya buƙatar ƙarya. Ya ce hira kawai zai je yi. Kowa ma haka yake cewa.

Kafin damina ta wuce ya koma sha, fiye da da. Fatake suka daina ba shi dabbobinsu. Rakiya ta kwashe yara ta koma gidan iyayenta. Cikinsa ya kumbura, hanta ta lalace, ya mutu.

A zaman makoki ne Rakiya ta kasa daurewa, ta gaya wa Alhaji Saleh komai. Hawaye suka zubo wa dattijon. Can ya ce, "Ni ma na sha a ƙuruciya. Mutanen majalisar nan ne suka tsare ni har na daina. Gwiwarsa tana taɓa tawa, bai taɓa ce mini komai ba."

Jama'a, giya ce ta kashe shi, amma shi da kansa ya rufe ƙofar da taimako zai shigo. Ba a ce ka yi shelar zunubinka a kasuwa ba. An ce ka nemi mutanen kirki ka ce musu, "Na kasa, ku riƙe ni." Abin da yake damuna, na san akwai irinsa a cikinmu yau, kuma zai tashi ya sa takalminsa ya tafi gida bai gaya wa kowa ba.

Allah ya kiyaye mu da kunyar da take kai mutum kabari, ya haɗa mu da abokan da za su riƙe mu. Amin.