Manomin da Ya Ƙi Sassauta Tocila

Akwai wani manomi, dattijo, a wani ƙauye da ke gindin dutse. Yana da tocila ta ƙarfe mai cin manyan batura uku, wadda matarsa Laraba ta saya masa a shekarar aurensu. Iyayenmu da ke zaune a kujerun baya sun san irinta. Da babban yatsa ake tura makunninta, haskenta ja-ja, in ta fara lumshewa sai a buga ta a tafin hannu ta farfaɗo. Batir in ya gaji, a shanya shi a rana kamar kuɓewa. Ni kaina na sha faɗa a kan irin wannan tocila, amma har yau ina kewarta.

Da ita Laraba take leƙa rumbu. Kowace kaka ita ke zaɓen zangarniyar kaura mafi cika, ta sussuke, ta gauraya da toka saboda ƙwari, ta zuba a tulu ta liƙe bakinsa da laka. Daga gidan mahaifinta ta zo da wannan iri, ba a samunsa a kasuwa. Da Ubangiji ya kira ta gida, mijin ya ci gaba da yi yadda take yi. Bayan shekara biyu tocilar ma ta bi ta, tsatsa ta cinye cikinta. Ya naɗe ta a ɗankwalin marigayiyar ya sa a akwati.

Sai 'yarsa Damaris, mai aikin asibiti a birni, ta kawo masa sabuwa, 'yar ƙarama, ba ta ma da makunni. Ta zaunar da shi ta nuna masa. In an murɗa kanta ya matse, ƙarfen kan ya taɓa ƙarfen jikin, wutar batir ta sami hanya, sai ta kama. In an sassauta, hanyar ta yanke, ta mutu. Haskenta iri uku ne: mai ƙarfi, da mai laushi wanda ba ya cin batir, da mai ƙyaftawa na neman taimako. A cikin kan akwai wani ɗan abu mai lura da duk sa'ad da wuta ta yanke ta dawo nan take. Da haka yake gane ana son haske na gaba, kuma yana riƙe hasken da aka bar shi a kai.

Ta ce, "Baba, matsewa ba ta sauya hasken. Sai kun sassauta ta mutu tukuna, sa'an nan ku sake matsewa."

Tsohon ya ce tun ba a haife ta ba yake riƙe tocila. Shi dai mutum ne mai ɗaure abu tamau. In ya ɗaure akuya, sai da wuƙa ake kwance ta. Ya jefa sabuwar a aljihu yana cewa ba za ta kama ƙafar ta Laraba ba. Damaris kuwa ta koma birni, ta bar tocilar a kan haske na uku da ta nuna masa.

Ana nan, ruwan shuka ya sauka. Da safe gari ya yi luf da hadari, manomin ya kafa tsani ya shiga rumbu don ya ɗauko irin. Bakin rumbun ƙarami ne, ƙasansa duhu. Ya murɗa tocilar, sai ta shiga ƙyaftawa. Ya ga tulun, bai gan shi ba, ya gan shi, bai gan shi ba. Ya sunkuya zai miƙa hannu, sai ya ji wani sauti kusa da tulun, kamar ana goge ƙwarya da yashi.

Ya ƙara matse kan tocilar, ta ci gaba da ƙyaftawa. Ya sa hannu biyu ya matse iya ƙarfinsa har yatsunsa suka yi zafi, ba abin da ya sauya. Ya tuna maganar 'yarsa sarai, amma wa zai kashe ɗan hasken da yake da shi, alhali wani abu na motsi a gabansa? Daga bisani ya ce, "Ubangiji, ka riƙe ni." Ya sassauta. Duhu ya rufe shi. Ya sake murɗawa.

Farin haske ya tsaya cak. Ga kububuwa naɗe a gindin tulun, ta biyo ɓeraye, daidai inda zai sa hannunsa. Ya ja da baya a hankali ya fita, ya kira maƙwabcinsa suka kashe ta da dogon sanda. A ranar ya shuka kaurar Laraba, yana shuka yana share hawaye.

Ma'anar wannan misali ita ce, tocilar nan zuciyarmu ce, hasken kuwa ja-gorar Ubangiji. Da yawa a cikinmu muna tafiya da haske mai ƙyaftawa, yau mu gani, gobe mu lalube. Maganin da muka sani shi ne mu ƙara matsewa. Mu ƙara riƙe fushin da muke yi da ɗan'uwa a kan iyakar gona, mu ƙara kafewa a kan namu ra'ayi, mu ce ai haka muka saba tun dā. Tsohuwar tocilar ta yi aikinta, ba laifi a tuna da ita da ƙauna, amma ba ita za ta shiga rumbun yau da kai ba.

Sassautawar nan ita ce tuba. Ba zan ruɗe ku ba, akwai ɗan duhu a cikinta. Ran da ka buɗe baki ka ce wa ɗanka ko matarka, "Na yi kuskure," za ka ji kamar ba abin da ya rage a hannunka. Amma duhun na ƙyaftawar ido ne, Ubangiji kuma yana tsaye tare da kai a ciki. Manomin nan ya ji tsoron wannan ɗan duhu ƙwarai, alhali macijin yana nan tun tocilar na ƙyaftawa, tazarar hannu ɗaya tsakaninsu.

Don haka kowa ya duba abin da ya matse a hannunsa tun bara. In hasken bai sauya ba har yau, ƙara ƙarfi ba zai sauya shi ba. Ka sassauta kafin ka miƙa hannu.