Masabar Malam Nomau

Ku matso kusa. Kai mai latsa waya, ajiye ta, yau sai kun yi min alƙalanci.

Malam Nomau maƙeri ne a garinmu, yana da 'ya'ya maza uku, Ɗanlami da Ilu da Nadabo. Wata Laraba da la'asar aka tsince shi kwance gefen zugazugi, baki ya karkace, hannun dama ya saki, magana ta ƙi fita. Ba wanda ya ga faɗuwarsa.

Ɗanlami, babban, shi ya same shi. Maƙwabta suka taru, wannan ya ce iska ce, wancan ya ce a kawo hayaƙi. Ɗanlami bai tsaya jin kowa ba, ya saɓi uban, ya tare motar itace, sai babban asibiti. Ba don shi ba, da a tabarma za a yi ta tofi har rai ya yi halinsa. Amma fa shi aka bar wa kula da tsohon a ranar, ya tafi kasuwa tun azahar ya shantake wajen hira.

A asibiti likita ta ce shanyewar ɓarin jiki ce, kuma injin hoton ƙwaƙwalwa biyu gare su. Na farko mai sauri ne, zai nuna ko jijiya ce ta fashe ko gudan jini ne ya toshe ta. In toshewa ce akwai allurar da ke narkar da shi, sai dai ba a yin ta bayan awa huɗu da rabi da faɗuwa. Na biyu mai mayen ƙarfe ne, shi kan nuna ko ciwon sabo ne ko ya jima. Tunda ba a san lokacin ba, ta zaɓi na biyun.

Har an tura gadon bakin ƙofa Ilu ya sha gabansa.

“Likita, ki dakata! Akwai ɓarɓashin ƙarfe a gefen idon Baba, shekara ashirin ke nan. Ni ke riƙe da awartaki ran da ya shige shi.”

Aka duba, wallahi yana nan. Da an saka shi, da mayen ƙarfen ya fizgo ɓarɓashin ta cikin ido. Aka koma injin farko, ya nuna ba fashewa ba ce. Amma lokacin da ake nema bai nuna ba, likita kuwa ta ce ba ta yin allura a makance. Ilu ya ceci idon uban, amma ya rufe hanyar sanin lokaci.

Nadabo, autan, ya tuna ya ga ƙwaryar fura a maƙera, ko rabi ba a sha ba. Ya hau kiran mutanen gari ɗaya bayan ɗaya har aka kai wa Inna Tabawa mai fura waya a rugarsu. Ta ce ƙarfe biyu ta kai masa, ana fitowa azahar, lafiyarsa ƙalau, har ya tsokane ta wai nononta ya sha ruwa. Aka lissafa, saura minti goma. Aka yi allurar ana shirin kiran magariba. To, amma shi wannan Nadabon, tun ran Talata uban ya ce masa hannunsa ya yi nauyi na ɗan lokaci ya sake, shi kuwa ya ce, “Gajiya ce, Baba,” ya miƙa masa man zafi.

Malam Nomau ya rayu. Ƙafa ta dawo, ido na gani. Hannun da maganar dai sun tafi ke nan. Abin na ci mini rai, don mutum ne mai baki, in yana ƙira har bakin titi ake jin waƙarsa.

Da ya dawo gida ya yi nuni aka ɗauko masabar da ya gada wurin ubansa, ya ajiye ta gaban su ukun da hannun hagu, ya zuba musu ido. Ɗanlami ya ce shi da ya bar shi ba ya taɓa ta. Ilu ya ce shi kansa ne ya jawo jinkirin. Nadabo kuka kawai ya yi. Shekara guda ke nan maƙerar ba wuta, kullum da hantsi tsohon na zaune gaban masabar yana jira, ba bakin da zai kira suna.

To, ku da Allah ya bar muku bakinku, wane ne cikin ukun ya kamata ya sunkuya ya ɗauke ta?