Shatin Yatsu a Kan Yashi

Akwai wani mutum mai buga tubali, ƙaƙƙarfa ne ƙwarai, ya kuwa san da haka. A garinsu akwai wani dattijo, shugaban 'yan wasan tsalle-tsalle, wanda yakan kafa tafin hannunsa a ƙasa, ya ɗaga ƙafafunsa sama, ya tsaya cak sai ka ce dasa shi aka yi. Mutumin nan ba abin da yake so kamar ya shiga cikinsu. Dattijon ya ce masa, "Ba na ɗaukar kowa sai ya iya tsayuwa da hannu. Ka riƙa zuwa bakin rafi inda muke koyo. In kaka ta yi ba ka iya ba, sai haƙuri."

Mutumin ya yi dariya a ransa. Hannun da yake wuni yana ɗaukar tubali, ɗaukar mai shi ce za ta gagare shi?

Ta kuwa gagare shi. Da zarar ya ɗaga ƙafafu ya ji jikinsa ya ɗan karkata, sai kunya ta kama shi, gama bai taɓa ganin dattijon ya motsa ba. Sai ya sandare, ya ɗauke numfashi don kada a ga yana rawa, daga nan ya zube rim kamar icen da aka sare. Haka ya yi ta shan ƙasa har dawa ta nuna. Zuciyarsa ta karai.

Ya je wurin dattijon ya ce, "Baba, sallama na zo yi. Kai Allah ya yi ka ba ka karkata. Ni kuwa ina hawa nake fara faɗuwa."

Dattijon ya nemi inda yashi yake da laima, ya tsaya da hannu yadda ya saba, sa'an nan ya sauko ya ce, "Zo ka duba."

Mutumin ya sunkuya. Ga shatin hannun dattijon duk ya dagule, kowane yatsa ya tona rami. Kusa da shi ga shatin hannun mai tubalin na ɗazu, sumul, gwanin kyau.

Dattijon ya ce, "Ɗana, ni ma ina hawa nake fara faɗuwa. In jikina ya rinjaya can, in danna yatsu, in ya dawo nan, in danna gindin tafi. Ƙafafuna kake kallo, aikin kuwa a ƙasa yake."

Mutumin ya sāke hawa. Jikinsa ya yi ta rawa, bai ɓoye ba, yatsunsa suna ta tona yashi. Tsayuwar ba kyan gani, amma ya tsaya. Kafin a gama yankan dawa aka karɓe shi.

'Yan'uwa, ga ma'anar misalin. Tsayuwa da hannu ita ce tsayuwa cikin bangaskiya. Mukan dubi dattawan ikkilisiya mu ce ai su ba sa karkata. Suna karkata, kowace rana. Ba mu dai ganin su a durƙushe suna tuba, suna neman gafarar wanda suka ɓata wa rai tun abin bai yi nisa ba. Mu kuwa da mun ji fushi ko shakka ko sha'awa ta ɗan rinjaye mu, sai mu sandare, mu zo sujada da fara'a don kada kowa ya sani. Abin da yake ba ni tausayi shi ne, irin waɗannan su ne sukan fāɗi gaba ɗaya, jama'a su ce ba zato ba tsammani, alhali sun daɗe suna karkata su kaɗai.

In ka ji ka karkata a makon nan, kada ka jira sai ka kai ƙasa. Ka faɗa wa Ubangiji a ranar, ka faɗa wa ɗan'uwa ɗaya da ka amince da shi. Ubangiji bai kira ka don ka yi kyan gani ba, ya kira ka ne ka tsaya.